Ƙwazon ma'aikata a lokacin canji: amsoshin tambayoyin da aka fi yi mini

Na daɗe ina aikin kula da ma'aikata a Kano, da farko a wata masana'antar robobi a Sharaɗa, daga baya a wata makaranta mai zaman kanta. Tun da aka janye tallafin mai, tambayoyin da masu shaguna da shugabannin makarantu da manajoji ke yi mini kusan iri ɗaya ne, ko a wajen ɗaurin aure muka haɗu ko a waya. Su na tara a nan, har da wasu daga bakin ma'aikatan kansu. Kowace amsa tana tsayawa da ƙafarta, amma inda wata ta jingina da wata na nuna.

Mene ne ƙwazon ma'aikaci, kuma ta yaya ake gane shi?

Ƙwazo shi ne abin da mutum ke yi wa aiki a lokacin da babu mai kallonsa. Aikin ganin ido kowa ya iya: maigida na shigowa a miƙe a kama share-share, yana juya baya a koma kan waya. Mai ƙwazo shi ne yaron shagon da ya ga ruwan sama na malalowa ta ƙarƙashin ƙofa ya janye dilolin atamfa ba wanda ya sa shi, ko malamar da ta lura wata yarinya ta daina magana a aji ta aika a kira mata uwarta. Ba a rubuta irin wannan a takardar ɗaukar aiki, ba a kuma hukunta wanda bai yi ba, amma da shi wurin aiki ke tsayuwa.

Shi ya sa ba na auna mutum da sammako kaɗai. Akwai mai zuwa bakwai da rabi ya zauna jiran a tashi. Abin da nake dubawa shi ne ko yana koya wa sabon zuwa aiki, ko yana faɗin matsala tun tana ƙarama, ko yana tattalin kayan wurin kamar da kuɗinsa aka saya.

Me ya sa ma'aikata ke yin sanyi da zarar an kawo sabon tsari?

Ruwa ba ya tsami banza. Abin da maigida ke kira ci gaba, shi ma'aikaci da lissafin asara yake fara karɓarsa: shin abin da na iya zai ci gaba da amfani, shin wanda ke ƙasa da ni zai hau kaina, shin wannan ba share fagen sallamata ba ne? Har sai ya samu amsar waɗannan, jikinsa na wurin aiki amma hankalinsa na can.

Mun ga haka ƙarara a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira. Cikin 'yan makonni ciniki a Kantin Kwari da Singa ya koma tiransifa da POS. Yaron da ya yi shekaru shi ne amintaccen maigida wajen ƙirga kuɗi da kai su banki ya wayi gari aikinsa ya ragu, ƙaninsa a shago mai iya latsa waya kuma ya zama shi ake kira kowane lokaci. Ba wanda ya rage wa babban ko sisi, amma an rage masa wani abu, kuma ya ji a jikinsa. Maigidan da bai lura da wannan ba sai ya ce yaron ya canja hali.

Ba kuɗi ne ke sa mutum aiki ba? Idan na ƙara albashi ai magana ta ƙare?

Kuɗi ne farko, kuma duk wanda ya ce maka ba su da muhimmanci bai taɓa zaman jiran albashi ba. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai, cikin 'yan kwanaki litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kuɗin Adaidaita Sahu da na kwanon masara suka bi bayanta. Mafi ƙarancin albashi a lokacin naira 30,000 ne, wanda aka tsayar tun 2019, sai a Yulin 2024 aka mai da shi 70,000. Dokar ma ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ke nan ɗimbin yaran shago da malaman ƙananan makarantu ba ta shafe su ba. Mutumin da kuɗin mota ke cinye masa albashi, babu jawabin ƙarfafa gwiwa da zai shiga kunnensa.

Amma kuɗi na da inda suke tsayawa. A 1959 wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, Frederick Herzberg, da abokan aikinsa suka tambayi injiniyoyi da akantoci kimanin 200 a yankin Pittsburgh su faɗi lokutan da suka fi jin daɗin aiki da lokutan da suka fi ƙin sa. Sai ya zamana masu ɓata rai daban, masu sa himma daban. Dokokin wuri, halin mai sa ido, yanayin wurin aiki da albashi, idan suka lalace mutum ya tsani aikin. Idan aka gyara su ya daina ƙorafi. Himma kuwa takan zo ne idan ya ga aikin hannunsa ya yi kyau, aka yaba, aka ɗora masa nauyi, ya hango gaba. Masana sun yi ta jayayya kan hanyar binciken, amma abin da na gani da idona bai saɓa masa ba: ƙarin albashi kan faranta rai wata biyu ko uku, daga nan ya zama abin da aka saba.

Abin da na ga ya fi ƙarancin albashi kashe zuciya shi ne rashin sanin ranar biya. Mai ɗan albashi da ya tabbata ranar 28 zai ji alat yana iya karɓar bashin shinkafa a shagon unguwa da ƙarfin gwiwa. Wanda ake ce wa "sai wani satin" kullum cikin kunyar masu binsa yake, kuma da wannan kunyar yake zuwa maka aiki. Hadisin da Ibn Majah ya ruwaito, cewa a ba ɗan ƙodago ladansa kafin guminsa ya bushe, kowa ya haddace shi. Aiki da shi ne ya yi mana wuya. Haka nan kuɗin fansho: dokar 2014 ta ce a cire kashi 8 daga ma'aikaci, mai aiki ya ƙara kashi 10. Wanda ya cire bai zuba ba, ranar da ma'aikaci ya duba asusunsa ya ga wayam, amana ta tafi ke nan.

Ba ni da halin ƙarin albashi yanzu. Me zan iya yi?

Ka duba inda kuɗin ma'aikaci ke zurarewa, ka toshe abin da za ka iya. Yawanci sufuri ne da abincin rana. Gwamnatin Kaduna ta koma aikin kwana huɗu a mako a Disambar 2021, Kwara ma ta taɓa rage wa ma'aikatanta kwanakin zuwa ofis zuwa uku a Yunin 2023 saboda tsadar mai. Shago ko asibiti ba za su rufe ba, amma ana iya tsara karɓa-karɓa yadda mutum zai samu kwana guda bai biya kuɗin mota ba. Ana iya ɗaukar hayar bas ɗaya ta kwaso 'yan hanya ɗaya. Ana iya ɗora tukunya guda ta wake da shinkafa da rana. A makarantar da na yi aiki, abin da malamai suka fi yabawa shi ne da aka ba ƙungiyarsu ta gama kai rance ba ruwa, suka sari masara da gero a Dawanau da kaka, aka riƙa cirewa kaɗan-kaɗan.

Sannan ka faɗa musu gaskiyar halin da ake ciki, da lissafi, ka kuma sa lokacin da za a sake duba maganar. Ma'aikata na iya haƙuri da babu. Abin da ba sa yafewa shi ne a ce musu babu, mako na zagayowa su ga sabuwar mota a ƙofar ofis.

Yaya ya kamata in sanar da canji don kada a tayar da hankali?

Da wuri, da bakinka, kuma kafin jita-jita ta riga ka. Wurin aiki ba ya zama babu labari. Idan ba ka bayar ba, direba ko masinja zai bayar da nasa, kuma nasa ya fi naka ban tsoro. Ba a fafe gora ranar tafiya: tsarin da zai fara aiki ranar Litinin ba a liƙa takardarsa ranar Juma'a da yamma.

Ka tara mutane ka faɗi dalili, ka faɗi abin da zai canja da abin da ba zai canja ba, ka amsa tambayar da kowa ke ɓoyewa, wato ko za a sallami wani. Idan ba ka yanke shawara ba tukuna, ka ce ba ka yanke ba, ka sa ranar da za su ji. Kada ka rantse ba za a taɓa kowa ba alhali ka san akwai yiwuwar haka. Na yi bayani a amsar rage ma'aikata yadda wannan ke dawowa kan mutum. Kafin taron kuma ka zauna da mutum biyu ko uku da ake jin maganarsu. Kowane wurin aiki na da su, kuma sau da yawa ba masu muƙami ba ne: wani tsohon makanike, wata malama da kowa ke kai wa kuka, wanda ke jan sallah a masallacin wurin.

Tsofaffin ma'aikatana sun ƙi kwamfuta. In rabu da su?

A masana'antar da na yi aiki akwai wani dattijo mai kula da sito, kowa Baba yake ce masa. Littattafansa na shige da fice jere suke a kan kanta, kowanne da shekararsa a gefe da jan biro. Da aka kawo kwamfuta sai muka zaunar da wani ɗan bautar ƙasa a kujerarsa, shi kuma aka ce ya riƙa ba yaron bayani. Baba bai yi musu ba. Amma daga ranar ya daina gaya mana cewa buhunan ɗanyen roba na wani dillali sukan zo da giɓi sai an sake aunawa, abin da babu littafin da ya ƙunsa, a kansa yake. Sai da muka yi wata biyu muna asara na gane laifin namu ne. Na same shi bayan la'asar yana naɗe dardumarsa, na ce, "Baba, mun yi kuskure." Ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya ce, "Ɗana, ni ba injin nake tsoro ba. Ku ne ba ku tambaye ni ba."

Gyaran da muka yi ba shi da tsada. Baba ya koma kujerarsa, yaron ya zama mataimakinsa. Kullum bayan an tashi sukan yi awa guda su biyu, ƙofa a rufe, hannun Baba ne a kan madannai. An shigar da sunayen kaya yadda shi yake kiransu. Kafin yaron ya gama bautar ƙasa, Baba da kansa yake fitar da rahoton wata.

Dattijo ba ya son ya yi kuskure gaban sa'an ɗansa, wannan shi ne yawancin abin da ake kira taurin kai. A koya masa a keɓe, da Hausa, a kan ainihin aikinsa, a ba shi lokacin da za a tafi da littafi da na'ura tare. Da tsohuwar zuma ake magani. Akwai dai wanda ko an yi duk wannan ba zai iya ba. Shi sai a nema masa gurbin da saninsa zai yi amfani, kamar karɓar kaya ko horar da sababbi.

Na'urar dangwala yatsa da kyamara suna gyara halin ma'aikata?

Suna gyara lokacin zuwa, kuma suna hana wani ya sa wa wani hannu a rajista. Iyakarsu ke nan. Idan aka kafa su da sunan kama ɓarayi, mutanen kirki ma sai su ji an sa su a layi ɗaya da marasa gaskiya, su koma ba ka daidai abin da na'ura ke ƙirgawa: ƙarfe huɗu na bugawa kowa ya dangwala ya fice, ko da injin na tsiyayar mai.

Idan za ka sa, manaja ma ya dangwala, ɗan maigida ma ya dangwala. Kuma na'urar da ke ƙirga mintin lattin mutum ta ƙirga masa awannin da ya ƙara bayan tashi, a biya shi.

Kyautar gwarzon ma'aikaci na wata tana da amfani?

Yabon gwani ya zama dole, amma yadda ake yin sa ne abin dubawa. Kyautar mutum ɗaya a wurin da aiki na taron dangi ne takan faranta ran ɗaya ta ɓata na goma, musamman idan ba a san ma'aunin ba. Wani masani, John Stacey Adams, ya yi bayani tun 1963 cewa ma'aikaci ba ya kallon abin da ya samu shi kaɗai, yana gwada wahalarsa da ladansa da na wanda ke gefensa. Idan ya ga an tauye shi sai ya rage wahalar har lissafin ya daidaita a ransa. Edward Deci kuma a 1971 ya gwada ɗalibai da wani wasan wasa ƙwaƙwalwa, ya ga waɗanda aka biya don su yi, da aka daina biya sha'awarsu ta ragu. Wanda ka saba wa tukuici kan kowane alheri, ranar da babu tukuici ka ga alherin ya ja baya.

Yabon da na ga yana aiki shi ne mai suna da dalili, kuma a kan kari: "Malama, na ga yadda kika zauna da yaron nan har ya iya karatu, Allah ya saka da alheri." Goron sallah kuwa a yi wa kowa, har mai gadi da mai shara, kada a mai da shi sanda.

'Yan'uwana na cikin ma'aikata, sauran suna ƙorafi. Laifi ne in ɗauki nawa?

Ba laifi ba ne, kasuwancinmu da yawa a kan zumunci aka gina su. Inda ake samun matsala shi ne doka ta zama biyu. Ɗan yayarka ya zo goma ba a ce komai ba, bare ya makara minti goma a yanke masa. A tsallake wanda ya shekara bakwai a ba wanda ya zo jiya riƙon makulli. Lissafin nan na Adams da na ambata a amsar kyauta shi ke aiki a nan, kuma a lokacin canji ya fi tsanani, don kowa na zuba ido ya ga wa za a ɗaga, wa za a ajiye.

Ka gaya wa ɗan'uwanka tun ranar farko cewa a gida ɗa ne, a nan ma'aikaci ne, ka sa shi ƙarƙashin wani ba kai ba. Idan ya yi laifi a hukunta shi yadda ake yi wa kowa. Sau ɗaya ma'aikata za su ga haka su yarda da kai.

Yaya zan gyara wanda ya yi laifi ba tare da na karya masa gwiwa ba?

A keɓe. Bahaushe na iya jure yankan albashi, amma tsawa gaban abokan ciniki ko gaban yaran da yake koyarwa ba ya mantawa da ita. Magidanci ne, wataƙila a unguwarsu shi ake kira sasanci. Ka kira shi ofis, ka faɗi abin da ya faru da ranar da ya faru, ka ji ta bakinsa kafin ka yanke. Sau da yawa za ka tarar lattin nan na mako biyu jinyar uwa ce a asibiti. Ka tsaya kan aikin, kada ka taɓa asali ko iyaye ko garinsu.

Wannan ba ya nufin a kau da kai. Barin malalaci ya ci bulus zalunci ne ga masu ƙoƙari, don su ke ɗaukar kayansa. Gargaɗin baki, sannan takardar tuhuma, sannan hukunci, kowa ya san matakan tun kafin ya faɗa ciki. Sata da cin amana kuma hukuncinsu daban.

A taro kowa sai ya ce "to", amma a bayan ido ana gunaguni. Me ke kawo haka?

Tarbiyyarmu ce ta hana ƙarami musu da babba a bainar jama'a, ga kuma tsoron kada a ce mutum ya cika baki. "To, ranka ya daɗe" ba kullum take nufin an yarda ba. Wani lokaci ma'anarta an ji kawai.

Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta yi bincike a asibitoci a shekarun 1990, tana zaton rukunin ma'aikatan jinya da suka fi haɗin kai za su fi ƙarancin kuskuren ba da magani. Sai ta ga su suka fi yawan kuskure a rubuce. Da ta bi diddigi, bayanin da ta samu shi ne sun fi sakin jiki su faɗi kuskurensu, sauran kuwa ɓoyewa suke. Wurin da ba ka taɓa jin matsala ba, ka binciki ko tsoronka ake ji. Maganinsa a wurinmu shi ne tambaya ɗaya-ɗaya, a tsaye a bakin injin ko a hanyar masallaci, kuma tambayar ta zama takamaimai. "Akwai matsala?" amsarta "babu". "Wane abu ne a sabon tsarin nan ya fi ɓata maka lokaci?" ita ke buɗe baki. Mutum na farko da ya kawo maka labari mara daɗi, yadda ka karɓe shi ne zai nuna wa saura ko su zo.

Matasa ba sa zama, kuma kowa na da sana'ar gefe. In hana?

Hanawa ba za ta yiwu ba a wannan tsadar, sai dai ta koma ɓoye. Malamin da ke sayar da data ko mai ɗinki da dare yana cike giɓin da albashinka ya bari. Ka sa iyaka bayyananna: ba a lokacin aiki ba, ba da kayan wurin ba, ba kuma janye abokan cinikin wurin ba.

Game da tafiya, kasuwa ta riga ofis gane maganin. Yaron shago na yi wa ubangidansa shekaru da zuciya ɗaya saboda ya san akwai ranar da za a yaye shi, a ba shi jari ko a buɗe masa rumfa, kuma ya ga an yi wa na gabansa. Matashin ofis ma gaba yake son gani: me zan iya nan da shekara biyu, wane mataki zan taka? Wanda ka koya wa aiki zai iya tafiya, gaskiya ne. Ka sallame shi da fatan alheri, don na bayansa na kallo, shi ma kuma wata rana zai iya turo maka ciniki.

Ya zan yi da ma'aikata mata, musamman masu ciki da masu shayarwa?

Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba mace hutun haihuwa na mako 12, shida kafin haihuwa shida bayanta, da aƙalla rabin albashi idan ta kai wata shida tana aiki a wurin, sannan mai shayarwa tana da rabin awa sau biyu a rana. Wannan shi ne mafi ƙaranci. Na ga wuraren da mace ke ɓoye ciki da babban hijabi har wata bakwai don tsoron sallama, kuma duk matan wurin sun sani, duk sun ɗauki darasi. Ɗaki guda mai tabarma da fanka inda mai raino za ta zauna da jarirai ya riƙe mana malamai ƙwararru da da mun rasa su. Idan za a canja lokutan aiki, a tambayi matan kafin a yanke, don tashin ƙarfe shida na yamma ba nauyi ɗaya yake da shi ga kowa ba.

Dole ta sa zan rage ma'aikata. Yaya zan yi kada waɗanda suka rage su karaya?

Waɗanda suka rage suna kallon yadda ka yi da waɗanda suka tafi, a nan suke karanta tasu makomar. Dokar ƙwadago ta ce a sanar da ƙungiyar ma'aikata ko wakilinsu dalili da yawan waɗanda abin zai shafa, a bi ƙa'idar na ƙarshen zuwa shi ne na farkon tafiya, tare da la'akari da ƙwarewa da riƙon amana. Wa'adin sanarwa kuma ya danganta da daɗewa: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya har zuwa shekara biyu, mako biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata guda ga wanda ya kai shekara biyar. Idan takardar ɗaukar aiki ta ba da fiye da haka, ita za a bi.

Ka faɗa wa mutum da bakinka, kada ya zo da safe mai gadi ya tare shi a ƙofa. Ka biya haƙƙinsa kafin ya fita, ka ba shi takardar shaida mai kyau. Mutanen Kakuri a Kaduna ba su manta da yadda masaƙu suka rufe ba, ma'aikata suka shekara da shekaru suna bin haƙƙoƙinsu, wasu har suka rasu ba su karɓa ba. Duk ma'aikacin Arewa ya san irin wannan labarin, da shi yake auna ka. A yi ragin sau ɗaya idan zai yiwu, don ragin kowane wata na sa kowa ya koma neman wani aiki a ɓoye. Washegari ka tara waɗanda suka rage, ka bi abin da na faɗa a amsar sanar da canji, ka kuma faɗi yadda za a raba aikin waɗanda suka tafi da abin da za a ajiye, don mutum biyar ba za su ɗauki kayan mutum takwas har abada ba.

Ni ma'aikaci ne. Zuciyata ta mutu da aikin, amma ba ni da wani. Me zan yi?

Ka fara gano abin da ya kashe ta, don maganin gajiya daban, na zalunci daban. Idan haƙƙi ne, ka san naka: doka ta ce a ba ka sharuɗɗan aiki a rubuce cikin wata uku da farawa, kana da hutun shekara na aƙalla kwana shida na aiki bayan wata 12, kuma akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, tana da reshe a Kano. Kafin a kai can, ka nemi ganin maigida a lokacin da hankalinsa ke kwance, ka je da magana ɗaya da shawarar gyara. Idan ku da yawa ne abin ya dama, ku wakilta mutum biyu masu natsuwa.

Abin da nake roƙonka shi ne kada ka rama da lalata aikin. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma ɗalibin da ke gabanka ko majinyacin da ke kwance ba su suka ɓata maka ba. Sunanka kuma shi ne jarinka: garin nan ƙarami ne, mai ɗaukarka gobe zai tambayi wanda ya san ka yau. Sabuwar na'urar da aka kawo, ka koye ta ko don kanka, da ita za ka fita idan ƙofa ta buɗe. Ka riƙa neman wani aikin a hankali, ranar tafiya kuma ka ba da sanarwa yadda ya kamata, ka miƙa makulli da lissafi cikakke.

Ta yaya zan san ko gyaran da nake yi yana tasiri?

Ba a mako ɗaya ake gani ba. Wanda aka saɓa wa alkawari sau uku sai ya ga an cika sau uku kafin ya saki jiki. Ka riƙe ɗan littafi ka riƙa rubuta mutum nawa suka bar aiki a wata shida, nawa ke fashin ranar Litinin, kaya nawa suka lalace, abokan ciniki nawa suka dawo da ƙorafi. Ka gwada da watannin baya.

Akwai kuma alamun da ba sa shiga littafi. Hira na ci gaba idan ka shigo, ko tana yankewa? An fara kawo maka matsala tun kafin ta girma, kamar yadda na faɗa a amsar masu cewa "to"? Idan gurbi ya samu, ma'aikatanka na kawo ƙannensu su nema? Duk wanda zai bar aiki kuma ka zauna da shi minti goma a ranarsa ta ƙarshe, bayan ka biya shi, ka tambaye shi abu ɗaya da zai gyara da shi ne mai wurin. A ranar ba ya tsoron komai, zai faɗa maka. Ka rubuta, idan mutum uku suka faɗi abu ɗaya ka fara da shi.